Kukan Ɗan-amshi a Wayar Barira

A Kurmin Dagwarga akwai wani tsuntsu da mutanen ƙauyukan gefe suke kira ɗan-amshi. Baƙi ne wuluk, ƙirjinsa ja kamar an zuba masa manja, kuma ba ya ƙarasa kukansa shi kaɗai. Namijin yakan ɗauko kukan ya kai rabi ya tsaya, sai macen ta ƙarasa daga inda take, babu tsaiko a tsakani, har wanda bai sani ba ya rantse tsuntsu ɗaya ne. Jinsa ba wuya. Ganinsa ne aiki, balle a ce an samu hotonsa.

Shi ne ya fito da 'yan ƙungiyar masu hoton daji daga Kaduna ranar wata Asabar da sassafe. Mutane ne masu aikin yi da mutunci a gari, amma da zarar sun shiga kurmi sai ka ga babban mutum kwance rub-da-ciki a cikin taɓo yana lallashin naman kaza ya fito da kyau. Shugabansu Malam Shitu, tsohon malamin makaranta, yana da dokoki da yake maimaitawa a bakin kowane daji: kada a karya reshe, kada a taɓa sheƙa, kada kuma a kira tsuntsu da na'ura.

A cikinsu akwai Barira, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, mace mai shiru-shiru wadda za ta iya wuni a gindin bishiya ba ta ko yi tari ba. Akwai kuma yayanta Ɗayyabu, wanda Allah Ya yi shi da baki. Ɗayyabu yakan yi wa tsuntsu bayanin yadda zai tsaya, ya yi wa kyamara faɗa, ya ba kututture labarin siyasa. Rabin hotunan da Barira ta rasa a duniya, surutunsa ne ya kore su, kuma kalmar da ta fi faɗa masa tun suna yara ita ce, "Yaya, don Allah ka yi shiru."

Su biyun suna da wata al'ada. Kafin su sauka daga mota, da kuma in za su juya gida, Barira takan kunna wani saƙon murya da mahaifiyarsu ta aiko mata kafin ta rasu. Wayar Ɗayyabu ta daɗe da faɗawa rafi da nasa kwafin, saboda haka a wayar Barira kaɗai muryar Inna ta saura. A safiyar nan ma suka haɗa kai a kujerar baya suka saurara.

"Barira, na ji za ku shiga daji ke da yayanki. Ku sa takalmi mai rufi. Kada ki bar shi ya cika surutu ya kori tsuntsayen mutane." A nan Inna takan yi ɗan tari, zakara ya yi cara a bayanta. "Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya raba ku da abin ƙi. To, yaya ake kashe abin nan?"

Suka shafa, suka sauka.

Kurmin ya ba su duk abin da suka saba samu. Sun ɗauki raɓa a kan saƙar gizo-gizo, da malam-buɗe-littafi masu shan ruwa a bakin rafi, da wani biri da ya juya musu baya da gangan. Amma har rana ta take tsaka ba wanda ya ji ɗan-amshi, ko rabin kuka. Da ayarin ya yi gaba, Ɗayyabu ya ja hannun ƙanwarsa suka tsaya a gindin wani gamji.

"Kukan nan da kika naɗa a nan daminar bara waccan, yana cikin wayarki?"

"Yaya, ka ji abin da Malam Shitu ya ce."

"Malam Shitu ya tsufa da dokokinsa. Sau ɗaya kawai. Ya leƙo, mu ɗauka, mu wuce, wa ya rasa me?"

Ta san bai kamata ba, amma ita ma tana son hoton nan kamar ranta. Ta miƙa masa wayar, ta ɗaga kyamara ta saita. Rabin kukan namijin ne kaɗai a ciki, don a ranar da ta naɗa, wayar ta katse kafin macen ta amsa. Ɗayyabu ya danna. Kukan ya tashi ya kai rabi ya tsaya.

Aka ƙarasa shi daga saman kansu.

Nan take duk kurmin ya yi tsit, har rafin ya daina gudu. Wata mace ta sauko daga cikin ganyen gamjin, doguwa, sanye da baƙin zane, da jan mayafi a ƙirji, ƙafafunta ba su lanƙwasa ciyawa ba. Ba ta dube su ba tukuna. Ta duba bayan bishiyar, ta duba cikin saiwoyi, ta ɗaga kai ta duba rassa, fuskarta cike da murna. Sai da ta gama dubawa sannan idonta ya sauka a kan wayar, murnar ta tafi.

Ta ce, "Ya ku 'yan Adam, ina mai wannan murya?"

Ɗayyabu, wanda tsoro bai taɓa hana shi magana ba, ya fara bayani. Ya ce ai na'ura ce, ba wani abu ba ne, duk duniya ana yi, su baƙi ne daga Kaduna, hasali ma masoya tsuntsaye ne. Matar ta miƙa yatsu biyu ta taɓa maƙogwaronsa, ta zaro wani abu siriri kamar zaren hayaƙi, ta naɗe shi ta cusa a cikin ƙwanson katantanwa. Bakin Ɗayyabu ya ci gaba da motsi, babu abin da ke fita.

Ta juyo ga Barira. "Ke ce kika ɗauka, shi ne ya kira. Ki sani, kowane tsuntsu aron kukansa aka ba shi. Ranar da ya mutu sai ya mayar da shi cif a ƙofar Birnin Shiru kafin ya shiga ya huta. Mijina ya mutu a ƙarshen daminar da kika zo. Ya je ƙofa, aka tarar kuka ɗaya babu. Tun ranar yake tsaye a waje, ni kuma tun ranar ban buɗe baki ba sai yau da kuka ruɗe ni."

Barira ta ce, "Ranki ya daɗe, ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba, shi ya sa nake miki magana. Ki kai masa abinsa. In na ji shi ya kira kafin rana ta faɗi, ɗan'uwanki zai samu muryarsa. In rana ta riga ki, muryar ta zama ta kurmi, zan raba wa kwaɗi da gyare."

Ta ciro gashin tsuntsu ɗaya ja daga mayafinta ta sake shi. Gashin ya yi lilo a iska ya shige tsakanin saiwoyin gamjin. Barira ta karɓi wayarta daga hannun yayanta. Ya riƙe mata hannun riga yana girgiza kai, idanunsa sun kawo ruwa, kuma a karo na farko a rayuwarta ta ga ba ta san abin da yake so ya ce ba. Abin ya ba ta tsoro fiye da matar. Ta zame hannunta, ta sunkuya ta bi gashin.

Ta fito a wata ƙasa inda komai yake a karkace. Ga rassa karyayyu tsibi-tsibi, ga busassun ganye, ga tsutsotsi, ga furanni da ƙwari suka ci rabinsu, ga ungulaye masu sanƙo zaune jugum. A tsakiyar hanya wani kwaɗo ya toshe wuri, girmansa ya kai rumbu, jikinsa duk ƙuraje.

Ya ce, "Sannu da zuwa Ƙasar Gefe, ya ke mai baƙin akwati. Nan ne mazaunin duk abin da irinku suka ture da ƙafa don hoto ya yi kyau. Ni kaina kin tsallake ni da safen nan kina bin malam-buɗe-littafi."

Barira ta ce, "A gafarce ni. In ka yarda sai in ɗauke ka yanzu." Ta kai hannu ga kyamara.

"Ajiye. Ba na son shiga akwati. Abin da nake so, ki dube ni da idon da Allah Ya ba ki, har ki gaya mini launin idona. In kin faɗa daidai kin wuce. In kin yi kuskure, akwai wuri a gefena."

Ta sauke kyamarar ta dube shi. Da fari ƙyama ta hana ta, ga wari, ga yauƙi yana tsiyaya. Ta kusa cewa ruwan ƙasa don ta huta, sai ta tuna yawan samfurin jinin da ta gani a wurin aiki, wanda kallon farko yake yi wa mutum ƙarya. Ta matsa kusa har numfashinsa yana kaɗa mata gyale.

Ta ce, "Na dama ruwan zuma ne, da ɗigo-ɗigon zinariya a gefe. Na hagu fari ne. Ba ka gani da shi."

Kwaɗon ya ja jikinsa gefe. "Tun da nake, ba wanda ya lura. Ki wuce. Gabanki Dajin Idanu ne. Su ma masu ɗaukar hoto ne, sai dai ba sa neman izini. In ido ya buɗe, ki zama kututture."

Dajin Idanu bishiyoyi ne dogaye masu farin ɓawo, a kan kowane reshe mujiya tana barci. A jikin ɓawon kuwa ga siffofin mutane a shafe kamar zane: maharbi da ƙafa ɗaya a sama, mai saran itace da gatari a kafaɗa, wata mata tana waiwaye da bakinta a buɗe. Barira ta gane cewa duk wanda ido ya kama yana motsi, nan yake zama. Ta riƙa tafiya a hankali, idonta a sama. Da ta ga fatar ido ta fara rawa sai ta daskare, in ta rufe ta ci gaba.

Tana tsakiyar dajin wata babbar mujiya ta buɗe ido duka biyu, ta kafa mata, ta ƙi rufewa. Barira ta tsaya da ƙafa ɗaya a gaba. Cinnaka ya hau takalminta, ya bi ta cikin safa, ya sami bayan gwiwa ya kafa baki. Wani ya biyo shi. Hawaye ya taru mata, ba ta ƙifta ba. Ta sha yi wa tsuntsaye irin wannan kallo ta cikin gilashi, tana jira su yi motsin da take so, amma ba ta taɓa tunanin yadda abin yake daga ɗaya gefen ba. Ba daɗi. Mujiyar ta gaji, ta yi hamma, ta ce a ranta ko a fili, Barira ba ta tantance ba, "Wannan ba ta da kyan ɗauka," ta koma barci. Barira ta fita daga dajin tana ɗingishi, ta zauna ta cire cinnakun, ba ta ji haushin maganar ba ko kaɗan.

Rana ta karkata. Gashin ja ya bi wata siririyar hanya tsakanin dogayen ciyayi, ta bi shi da sauri. Sai ta ji an kira ta daga hagu.

"Barira."

Ƙafafunta suka tsaya da kansu. Ta taɓa aljihu, wayar tana nan a kashe.

"Barira, na ji za ku shiga daji ke da yayanki."

Muryar ba ta fito daga aljihu ba. Daga bayan ciyayin take, kusa, da ɗumi, kamar Inna tana zaune a tabarmarta tana tsintar wake. Barira ta manta da gashi, ta manta da rana, ta manta da Ɗayyabu. Ta kutsa cikin ciyawa tana cewa, "Inna, ga ni, Inna kina ina?" Murna ta cika ta har tana tuntuɓe.

"Ku sa takalmi mai rufi."

"Na sa, Inna. Ya jikin naki? Ƙafar ta daina kumburi?"

"Kada ki bar shi ya cika surutu ya kori tsuntsayen mutane." Aka yi ɗan tari. Zakara ya yi cara.

Barira ta tsaya. A duk ƙasar nan ba ta ga kaza ko ɗaya ba. Ta dubi ƙasa, ta ga yatsun takalminta a bakin wani rami da aka lulluɓe da ganye. A ƙetaren ramin wani mahaluki yana tsugune, siriri kamar kara, kunnuwansa faɗin faifai, bakinsa a zumɓure yana shirin ci gaba.

Ya ce, "Kash. Saura kaɗan."

Ta ce, "Wane ne kai, me na yi maka?"

"Ni ne Maharbin Kira. Ba ki yi mini komai ba, kuma ba na cin kowa. Nakan saurari abin da matafiyi yake ɗauke da shi, in kira shi da shi. Ba abin da nake so kamar fuskar mutum a lokacin da ya ɗauka nasa ya dawo. Babu fuskar da ta kai ta kyau. In ya faɗa, sai in ajiye shi in riƙa kallo." Ya karkata kai ya dube ta, ya dubi kyamarar da ke wuyanta. "Na ji labarin aikinku na gindin gamji. Kira ɗaya tak ta sauko. Ni sai in wuni ban samu haka ba. Wa ya koya muku?"

Ta tuna fuskar matar nan tana leƙa bayan bishiya, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta juya ta koma hanya. Yana ta kiranta da muryar Inna har ta yi nisa, kuma duk da ta san ƙarya ce, kowane kira sai da ya ja ta kamar an ɗaura mata igiya a ƙugu.

Rana ta yi ja lokacin da ta hango Birnin Shiru. Ganuwarsa da gashin tsuntsaye aka gina ta, kala-kala, tana motsi kaɗan-kaɗan in iska ta taɓa, amma ba ta ƙara. Tsuntsaye suna ta isowa, kowanne ya tsaya gaban wata babbar ƙwarya a bakin ƙofa, ya buɗe baki ya juye abin da ke cikinsa, ya shige. Mai gadin ƙofar wani tsohon burtu ne mai jan maƙogwaro. A gefensa wani mutum yana tsaye cikin baƙar riga mai jan ƙirji, ciyawa ta tsiro ta rufe masa ƙafafu har gwiwa.

Barira ta durƙusa ta yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, na kawo kukan wannan bawan Allah. A wurina yake."

Burtun ya ce, "Mun daɗe muna jiranki, ya 'yar Adam, shi ya fi mu daɗewa. Kawo."

Ta fito da wayar ta nemo kukan za ta danna.

"Dakata. Kunnawa ba mayarwa ba ce. Ɗan'uwanki ya kunna ɗazu, ga shi har yanzu yana ciki."

"To in goge shi?"

"In kin goge ya ɓace, shi kuma ya tsaya nan har ciyawa ta rufe kansa. A nan juyewa ake yi. Ki kifa abin naki a kan ƙwarya, duk muryar da ke ciki ta fita ta koma wa mai ita."

Barira ta ce, "Duka?"

"Duka. Ba mu da yatsun tsinta."

Ta damƙe wayar. Sannan ta ce, "Akwai muryar mahaifiyata a ciki. Ta rasu. Babu ita a ko'ina sai nan. A bar ni in koma inda ake samun layi in tura wa wani, in dawo."

Burtun ya nuna yamma da bakinsa. Rana ta taɓa kan ganuwa. "Ko da kina da lokaci, da ba ta yi miki amfani ba. Murya in ta tashi komawa, duk inda aka ajiye ta sai ta bi sahu."

"Ina za ta je?"

"Wurin mai ita, duk inda Allah Ya ajiye ta. Wannan ba hurumina ba ne, ni tsuntsaye aka ba ni."

Barira ta dubi mutumin da ke tsaye. Bai roƙe ta ba, bai ma ɗago ido ba, da alama ya daɗe da daina sa rai. Ta tuna Ɗayyabu riƙe da hannun rigarta, bakinsa yana motsi. Ta san saƙon Inna kalma-kalma, ta san inda tarin yake da inda zakaran yake, kuma ta san komai yawan kunnawa ba zai taɓa gaya mata ko ƙafar ta daina kumburi ba. Duk da haka rabuwa da shi ya yi mata zafi kamar ranar da aka fita da makara.

Ta ce, "Zan iya jinta sau ɗaya?"

"Za ta wuce ta gefen kunnenki. Ki saurara da kyau, ba a dawo da ita."

Ta kifa wayar a kan ƙwaryar. Muryoyi suka zubo kamar an kwance bakin buhu: abokan aiki, mai ɗinki yana ba da haƙuri, 'yan ƙungiya suna gardamar ranar tafiya, Ɗayyabu, Ɗayyabu, Ɗayyabu kuma, kowace ta tashi ta kama gabanta. Sai ta Inna ta zo, a hankali, kamar yadda take tafiya. Ta yi zancen takalmi, ta yi tari, ta yi addu'a. Ta ce, "To, yaya ake kashe abin nan?" Ta wuce.

Kukan ɗan-amshi ne ya fito a ƙarshe. Mutumin ya buɗe baki ya karɓe shi, ciyawar ta zube daga ƙafafunsa. Ya ɗaga kai ya kira, ya kai rabi ya tsaya. Daga can nesa, ta bayan ramin Maharbi da Dajin Idanu da Ƙasar Gefe, aka ƙarasa masa. Ya tsaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya juye kukan a ƙwarya, ya sunkuyar wa Barira da kai, ya shige birni.

Burtun ya ce, "Rufe idonki."

Da ta buɗe, tana gindin gamji, rafi yana gudu, gyare suna kuka. Matar ba ta nan. Ƙwanson katantanwa ne kaɗai a ƙasa, a fashe. Ɗayyabu yana zaune ya jingina da saiwa, yana shafa maƙogwaro. Ya yi gyaran murya, ya ji ta fito, ya dubi ƙanwarsa da ƙafarta da ta kumbura da gyalenta da ya yage.

Ya ce, "Barira, kin samu hoton?"

Ta ce, "Ko ɗaya ban ɗauka ba."

Suka tarar da sauran a bakin mota, hankali a tashe. Malam Shitu ya ce sun zagaya gamjin nan suna kiran sunayensu har muryarsa ta dushe. Ɗayyabu ya ce yana ganinsu, har Malam ya taka masa yatsa. Ba wanda ya gane abin da yake nufi, ba wanda kuma ya nemi ƙarin bayani, don sun san in aka nema za a kwana a nan. Malam Shitu ya sake karanta dokokinsa tun daga farko, aka shiga mota.

Tun kafin direba ya tayar, Ɗayyabu ya fara. Ya yi zancen yunwa, da yadda matar ta zauna a reshe tana kallonsa wuni guda, da yadda ya tsara jawabai masu kyau a ransa aka yi asararsu. Barira ta jingina kai da gilashi tana ji. Wadda ke gabansu ta waiwayo tana jiran ta ce masa ya yi shiru kamar kullum, ba ta ce ba.

Da motar ta hau kwalta, ya katse kansa ya miƙo hannu. "Af, mun manta. Kunna mana Inna."

Barira ta dubi wayar a cinyarta. Ta ce, "Babu ita, Yaya. A can aka karɓa, tare da kukan."

Ya daɗe yana kallonta. Ya kai hannu ya taɓa maƙogwaronsa, ya sauke.

Ta ce, "Kai ka faɗa. Ai ka haddace."

Ya juya ya dubi titi. Can ya fara, ƙasa-ƙasa, yana jan kalmomin yadda Inna take ja. Ya ce su sa takalmi mai rufi. Ya ce kada ta bar shi ya cika surutu ya kori tsuntsayen mutane, a nan muryarsa ta karye, ya yi tari, ba na kwaikwayo ba. Ya yi addu'ar har ƙarshe, ya kai ga "To, yaya ake," ya kasa ci gaba.

Barira ta ƙarasa masa, "kashe abin nan."

Suka shafa.